Muryar Auta Tana Lasifikar Baya

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara a layin 'yan kayan wuta ya san Baba Dalma, ya kuma san halinsa. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, in ka ware hannuwa sai ka taɓa bango biyu. Tebur ɗaya, kujera ɗaya da aka ɗaure wa ƙafa da waya, sai matattun rediyoyi jibge har sama, waɗanda masu su suka kawo suka manta, ko suka riga mu gidan gaskiya suka bari. Sunan nan kuwa daga dalmar da yake narkawa yana liƙe waya da ita ya samo shi. Ko a sahun salla ka tsaya kusa da shi sai ka ji ƙaurinta a rigarsa.

Taurin kai kam akwai shi, ba sai an ɓoye ba. Tun yana saurayi, gemu bai fito ba, ya koyi aiki a hannun wani tsoho mafaɗaci, kuma karatun da tsohon ya ɗora shi a kai guda ɗaya ne: in abu ya yi shiru, waya ce ta katse a wani wuri. Ka ɗauko mita, ka dafa wannan kai da wancan kai. In allurar mita ta motsa, waya lafiyarta ƙalau. In ta ƙi motsi, to ta katse a ciki, sai ka yanke, ka fere, ka murɗe jan ƙarfen, ka ɗiga masa dalma. Da wannan karatun Baba Dalma ya yi aure, ya gina ɗaki biyu da falo, ya aurar da 'yan mata biyu, ya kai autansa makaranta. Rediyo ya bi ta hannunsa, rakoda mai cin kaset ta bi, talabijin mai ƙatuwar ƙeya ta bi, ba wanda ya taɓa ba shi kunya. Sai da zamani ya kawo kayan da ba su da wurin sa sukundireba sannan ciniki ya fara ja da baya. Shi kuwa ya ce ba shi ne ya tsufa ba, kayan ne ba su da tarbiyya. "Na yanzu ba gyara su ake yi ba," in ji shi, "jana'iza ake yi musu."

Matarsa ɗinki take yi a gida. Kowa Umma yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shi kaɗai ke kiranta Tela, ita kuma ta rama da Injiniya, tana jan kalmar yadda ko kurma zai gane tsokana ce. Kekenta na bakin tagar falo, inda haske ya fi shigowa. In ya dawo da yamma ya zube a kujera, ba ta ko ɗago kai, sai ta ce, "An gama liƙe duniya?" Shi kuma ya ce, "Saura bakinki." Haka suka tsufa tare, ba a taɓa jin kansu ba.

Auta kuwa, namiji ɗaya tilo, a ƙarƙashin teburin shagon nan ya yi rarrafe. Ya gaji kunnen ubansa amma bai gaji ƙarfen liƙi ba. Da ya girma sai ya zama mai haɗa sauti a kwamfuta, yana yi wa masu shirya fim da masu talla aiki, ya kama ɗaki a wata unguwa ya cika shi da lasifikoki. Uban bai taɓa yarda wannan sana'a ce ba. "Aikin da za ka tashi ba ka wanke hannu ba, ina aiki a nan?" Auta ya yi dariya ya ce, "Baba, mu kunne muke wankewa." In suka haɗu sai musu, a kan waya, a kan batir, a kan komai, Umma na cewa su fita waje su ƙarasa. Amma a shago, in baƙo ya kuskura ya zauna, ba zai tashi ba sai ya sha labarin yaron nan da ke sa sauti ya zagaya ɗaki.

Hatsarin mota ne ya ɗauke Auta, da rana tsaka, yana dawowa daga wurin aiki, aurensa ma bai daɗe ba. Yadda gidan ya koma ba ya faɗuwa. Keken ɗinki ya yi shiru. Umma, da ma tana fama da ciwon zuciya, ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, har aka fito da gadonta falo don ta fi samun iska. Baba Dalma ya ci gaba da zuwa shago saboda bai san inda zai sa kansa ba. Ya kunna ƙarfe ya yi zafi, ya kashe ya huce, bai liƙa komai ba.

Bayan wasu watanni mai ɗakin da Auta ke aiki ya buƙaci ɗakinsa, sai matar Auta ta kwaso kayan a kwalaye ta kawo gidan. Yarinya ce mai sanyin hali, ta koma gidan iyayenta amma ba ta yanke ƙafa ba. Aka jera kwalayen a falo: kwamfuta, ƙananan lasifikoki biyar, da wani babban akwati mai gurnani wanda duk sauran ke jonuwa da shi. Ta zauna a bakin gadon Umma tana matsa mata ƙafa.

"Umma," ta ce, "kin tuna ranar da ya zo da na'urarsa kina ɗinki, ya ce ki yi kamar ba ya nan?"

"Na tuna. Ya tsaya min a ka kamar mai bin bashi."

"Ai ɗauka ya yi. Yana cikin kwamfutar nan. Ya ce in ya gama gyarawa zai zo ya kunna miki."

Umma ta dubi mijinta, shi kuwa bai jira ta ce komai ba. Ya tashi ya share teburin cin abinci, ya ɗora kwamfutar, ya leƙa bayanta ya ga wani ɗan koren rami da ya san irinsa, ya jona lasifika biyu a nan. Matar Auta ta nemo abin ta kunna.

Kai, jama'a! Sai ga falon nan na da ya dawo. Keken ɗinki na gudu, almakashi na cin yadi, wata mota ta wuce a waje. Can sai muryar Umma, da ƙarfinta, irin ta lokacin da take da lafiya: "Ina jin ka, ɗan nan." Daga nan sai wani ɗan gunaguni can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana a cikin bargo, ka san mutum ne amma ba ka kama ko kalma ɗaya. Sai keken ya tsaya cak, Umma ta fashe da dariya, dariya ta gaske, mai sa mutum dafe ciki.

Ummar da ke kwance ta ɗaga hannu. "Kashe," ta ce. "Kashe, 'yar nan."

Aka kashe. Ta daɗe tana kallon silin, hawaye na gangarawa cikin kunnenta.

"Ina shi? Ni ce nake ta magana ni kaɗai kamar mahaukaciya. Me ya ce min? Me ya faɗa har na yi wannan dariya? Wallahi na manta. Ɗana ya ba ni dariya irin wannan, na manta abin da ya ce."

Matar Auta ta share ido ta yi bayani gwargwadon abin da ta sani. Auta ya ware muryarsa daban, ya ajiye ta a lasifikokin baya, don in Umma ta zauna a tsakiya ta ji shi a bayanta, daidai inda ya tsaya ranar. Lasifika biyun gaba ba za su fito da ita ba. Sai an haɗa duka, kuma sai an jona kwamfutar da babban akwatin da wata waya guda ta musamman. Wayar da yake amfani da ita ta ɓace a wurin kwasar kaya.

"To kada a sake kunna min," in ji Umma. "Ba zan ji sauran ba sai da shi a ciki."

Abin da ya rage wa Umma a duniya ke nan, kuma Baba Dalma ya san haka. Likita ya riga ya ja shi gefe ya faɗa masa zuciyar ta gaji. Washegari bai je shago ba. Ya kafa ƙusoshi biyu a bangon da ke bayan gadonta ya rataye lasifikokin baya, ya jera uku a gaba, ya tura babban akwatin ƙarƙashin tebur. Wayoyin lasifikokin baya suka gaza, ya ƙara musu tsawo, ya liƙe da dalma, ya naɗe da salatif, ya bi da su ta gindin bango tsaf. Aiki ya yi kyau, har Umma ta ce, "Ashe hannun bai mutu ba." Saura waya guda.

A ƙasan wani kwali ya tarar da wata siririyar waya baƙa, sabuwa fil a ledarta, da alama Auta ya saya ya ajiye saboda ɓacin rana. Kawunanta ƙanana ne masu kusurwa huɗu. Ya juya ta, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya taɓe baki. Wannan igiyar takalmin ce za ta ɗauko muryar mutum? Ya mayar da ita kwali ya ɗauki hularsa.

Akwai wani mai sayar da wayoyin kayan sauti can ƙarshen layinsu, mutum ne mai haƙuri, da ma Baba Dalma ne ke gyara wa mahaifinsa rediyo. Ya ba shi kujera, ya sake yi masa gaisuwa, sannan ya saurari bayani.

"Iri biyu ne, Baba," in ji shi. "Akwai mai kauri, ita ake ce wa kowaksiyal, jan ƙarfe ne a cikinta, kanta zagaye irin na bidiyon da. Ga ta nan. Akwai kuma siririya, oftikal, ita haske ne ke bi ta cikinta. Ta ƙare min, sai kaya sun iso. Saƙo ɗaya suke ɗauka, kunne ba zai raba su ba. Mai kaurin ta fi jure wahala, ko an taka ta ba ruwanta. Siririyar ba ta son lanƙwasa, amma ba ta kwaso gurnanin wutar gida."

"Haske," in ji Baba Dalma. "Fitila nake nema ko murya?"

"Allah kuwa, Baba, haske ne. Amma abin da zai raba gardama shi ne ramin da ke bayan kwamfutar. Wata tana da duka biyu, wata ɗaya kawai. Ka duba?"

"Ni za ka koya wa duba bayan akwati? Ina buɗe bayan akwati tun ubanka na yawo da gajeren wando. Siririyar ai ina da ita a gida, ban ga abin kirki a jikinta ba. Ba ni mai jan ƙarfe."

Mai wayoyi ya haƙura. Wa zai ja da Baba Dalma a kan waya, ga shi kuma cikin makoki? Ya naɗe masa mai kaurin ya ba shi.

A gida, bayan babban akwatin akwai ramuka biyu, zagaye da mai kusurwa huɗu, kan wayar ya shige zagayen daram. Ya koma bayan kwamfuta da ɗaya kan. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya haska da tocila. Babu zagayen rami ko ɗaya da zai karɓe ta. Sai wani ɗan rami mai kusurwa huɗu da 'yar ƙofa, wani jan haske na leƙowa ta cikinsa. Ya gwada nan, ya gwada can, har zufa ta jiƙa masa wuya.

Umma na kallonsa daga gado. "Injiniya, ko in zo in rage mata wuya?"

Ya zare mai kaurin ya jefa kan kujera, ya haɗiye girman kansa, ya koma kwali ya ɗauko wayar Auta ya yage ledar. Ya tura kai ɗaya a bayan kwamfuta, ɗaya a bayan akwati. Ba su zauna sosai ba, sun shiga rabi sun tsaya, ya ce a ransa haka kayan yanzu suke, ba abin da ke zama da gindinsa. Ya danna inda matar Auta ta nuna masa. Shiru. Ya ƙara murya har ƙarshe, ya zare ya mayar, ya juya kawunan, ya kashe ya kunna. Ko ƙarar keken ma yanzu babu.

To in abu ya yi shiru, me Baba Dalma ya sani? Hannunsa ya riga kansa isa jakar aiki. Ya ɗauko mita, ya dafa wannan kai da wancan kai. Allura ko gezau. Ya goge bakin, ya sake dafawa. Tana kwance abinta.

"Na faɗa!" ya ce da ƙarfi. "Sabuwa fil, amma a katse take a ciki. Tela, kin ga irin kayan da suke sayar wa yara?"

Allah sarki. Farin ciki ne ya kama shi, na farko tun ranar da aka zo da labarin Auta. Ga abu a ƙarshe wanda ya iya. Bai iya hana mota kifewa ba, bai iya gyara zuciyar matarsa ba, amma waya katsattsiya, wannan kam gidansa aka zo. Ya jona ƙarfen liƙi, ya ɗauki filaya da reza ya fita bakin ƙofa inda rana take. Ya san yawanci a wuya waya ke katsewa, don haka ya kama daidai bayan kan, ya datse. Ya fere baƙar rigar a hankali, yadda ya fere dubbai.

Babu jan ƙarfe. Wani zare ne fari ƙal, mai sheƙi, kamar igiyar fatsa. Ya ce ko yana gaba, ya ƙara yankewa ya fere. Shi ne dai. Ya ƙara. Ya ɗauko ƙarfen da ya yi zafi ya ɗan taɓa bakin zaren, ko zai kama. Zaren ya nannaɗe ya narke, ƙaurin roba ya tashi.

Nan maganar mai wayoyi ta dawo masa, kalma ɗaya tak, wadda ya yi wa dariya. Haske ne ke bi ta ciki. Ina mita za ta ga haske? Ya zauna a dokin ƙofa da guntaye a cinyarsa, ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya gwada haɗa bakin da bakin ya naɗe da salatif, shi kansa ya san wasa yake yi.

"Injiniya," Umma ta kira daga ciki, muryar a shaƙe. "Ka yanke ta ko?"

Ya shigo ya tsaya, ya kasa haɗa ido da ita.

"Na ji ƙarar filaya, na kuma ji ƙauri. Ba irin ƙaurinka ba ne."

"Babu komai a cikinta, Tela. Roba ce. Ban taɓa ganin waya ba ƙarfe ba."

Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Sai ta matsa ta ba shi wuri a bakin gado ta ce, "Zauna, ka sha rana. In an kawo wata sai mu ji."

Bai zauna ba. Ya koma kasuwa a ƙafa, ya bi shago-shago da guntun kan a hannu yana nunawa. Wani ya ce bai taɓa gani ba. Wani ya miƙo masa wayar cajin salula ya ce duk ɗaya ne. Wani ya ce ya dawo wani mako. Mutumin da a da ake layi a ƙofarsa, yau shi ne ke cewa, "Don Allah ɗana, duba min ko a ƙasan kwali." Ya ƙare a wurin mai wayoyi, ya ajiye guntun a kan teburinsa. Mai wayoyi ya duba, ya gane, ya kawar da kai don kada tsohon ya ji kunya. Ya ce kaya na hanya, da sun sauka shi da kansa zai kawo har gida.

Kaya ba su riga ciwon ba. Da safe numfashin Umma ya ƙi, aka nemo mota aka kai ta asibiti, aka sa mata robar iska a hanci. 'Yan matan suka zo daga gidajensu. Baba Dalma na zaune a gefen gadon, kullum sai ya fita baranda ya buga wa mai wayoyi, kullum amsar ɗaya ce. Wata rana da la'asar ta buɗe ido ta yafito shi, ya sunkuya.

"An kawo?"

"Suna hanya."

"In an kawo, kada ka ji kai kaɗai. Na san halinka da zumuɗi. Ka jira ni."

"Zan jira ki."

"Ni fa ba wani abu nake nema ba," ta ce, tana hutawa tsakanin kalmomi. "So nake in san me ya ce. In sake yin dariyar ko sau ɗaya."

Ba ta dawo gidan ba. A can ta cika, da hantsi, hannunta a cikin nasa.

Mutane sun watse, 'yan matan sun koma, gida ya rage daga shi sai gadon da ya hana a mayar ɗaki, sannan mai wayoyi ya yi sallama. Ya yi ta'aziyya, ya zaro leda daga aljihu yana jin nauyi, kamar shi ne ya yi laifin. Ya buɗe ya fito da wayar, irin waccan sak.

"Baba, ga ta. Sai dai kafin ka sa, ka cire wannan." Ya sa farce a bakin kan ya zare wata 'yar hular roba, ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, mai kalar ruwa, in ba an nuna maka ba ba za ka ce akwai ta ba. "Da ita suke zuwa don kada bakin ya karce. In ba a cire ba, ba ta shiga sosai, haske ba ya wucewa. Mutane da yawa suna mantawa."

Baba Dalma ya sa hannu a aljihun rigarsa, inda guntun kan wayar Auta yake tun ranar, ya fito da shi. Ya sa farcen babban yatsa a bakin. 'Yar hular ta fita salin-alin ta faɗo a tafin hannunsa.

Ashe lafiyarta ƙalau. Ashe ranar nan, Umma na kwance da ranta, tana tsokanarsa, abin da ke tsakaninta da muryar ɗanta bai wuce wannan 'yar robar ba. Mai wayoyi ya ga fuskar tsohon, ya ajiye ledar a kan kujera ya fita a hankali.

Wayar ta daɗe a kan kujerar nan. Yana wucewa ta gabanta safe da yamma, ba ya taɓawa. An ce ya jira, ya ce zai jira, to wa zai ce masa jiran ya ƙare? Shago ma ya daina zuwa. Ƙarfen liƙi na cikin jaka, ko kallonsa ba ya son yi.

Matar Auta ce ta zo wata rana da yamma ta kawo masa abinci. Ta share falon, ta wanke kwanuka, ta ɗauki ledar za ta goge kujera, sai ta tsaya da ita a hannu.

"Baba, ba ka sa ba."

"Ta ce in jira ta."

Ta durƙusa a gabansa, kanta a ƙasa. "Baba, ka yi haƙuri. Ni ma ban ji ba. Tun ranar da ya fita ban sake jin yana magana da Umma ba. Na fara manta yadda yake jan magana in zai yi tsokana."

Wannan kam bai taɓa zuwa masa a rai ba, baƙin cikinsa ya rufe masa ido har ya manta akwai mai irinsa. Ya karɓi wayar. Ya cire hular ɗaya kan, ya tura a bayan kwamfuta, ta ce ƙyas ta zauna. Ya ɗago ɗaya bakin, sai ga ɗigon jan haske a kai, ya bi ta cikin zaren ya fito. Ya tura shi a bayan akwati. Ya je ya zauna a bakin gadon Umma, daidai tsakiya, matar Auta ta danna ta zauna a ƙasa.

Keke ya tashi a gabansu. Almakashi ta hagu. Motar nan ta taho daga dama ta bi ta bayansu ta wuce. Sai kuma, dab da ƙeyarsa, kusa har kamar zai ji hucin numfashi:

"Umma, kina ji na?"

Baba Dalma ya zabura ya waiga. Bango ne da 'yar baƙar lasifika a kan ƙusa. Matar Auta ta toshe baki da mayafi.

"Ina jin ka, ɗan nan," in ji Umma daga gaba.

"Kar ki juyo, ci gaba da aikinki. Ƙara na kawo. Ɗazu na biya shago na tarar da Baba yana neman tabarau. Ya zazzage durowa, ya ɗaga rediyoyi, ya ce maƙwabta ba su da amana, har ni ya ce in juye aljihuna. Umma, kin san inda tabarau yake? A goshinsa. To ni abin da ke damuna, in na tsufa na zama haka, wa zai riƙa nuna min goshina?"

Keken ya tsaya cak. Dariyar ta cika falon, ta Umma a gaba, ta Auta a baya, su biyu a tsakiya. Wannan karon ba wanda ya ce a kashe. Dariyar ta lafa, aka ji Umma tana jan numfashi tana share hawaye.

"Allah ya shirye ka," ta ce. "Kai dai ka tsufa tukuna. In ka tsufa ina nan, ni zan nuna maka."

Keken ya ci gaba da gudu.

Baba Dalma ya dafa filon da ke gefensa.

"Tela," ya ce, "ba wani abu ba ne. Ni yake yi wa tsiya."